Gudu, Keke, Gudu: Shirin Duwatalon na Farko daga Unguwar Mu'azu

Ranar da na fara sauka daga kan keke da niyyar in ruga da gudu, ƙafafuna ƙin amsa mini suka yi. A unguwar Kinkinau ta Kaduna ne, wata Lahadi da sassafe, damina na ban kwana. Na yi kusan awa guda ina murza feda, na jingina keken a bangon gidan wani abokina, na ɗaga ƙafa zan fara sassarfa, sai na ji cinyoyin kamar an ɗura musu jiƙaƙƙen yashi. Numfashi lafiya lau, ƙirji bai gaji ba, amma ƙafar ta zama ta aro. Sai da na ci wajen mita 500 kafin ta dawo hannuna. Duk wanda zai shiga tseren duwatalon zai gamu da wannan mita 500 ɗin, kuma yadda zai same ta ya danganta ne da abin da ya yi a watanni uku kafin ranar, da kuma abin da ya yi a minti talatin na farkon tseren.

Duwatalon tsere ne mai zango uku amma wasa biyu: ka yi gudu, ka hau keke, ka sauka ka sake gudu, agogo kuwa ba ya tsayawa tun daga busa usur har ka tsallake layin ƙarshe. Ƙanin tirayatalon ne, wanda ake farawa da iyo a ruwa. Hukuma ɗaya ce ke kula da su, World Triathlon, wadda aka kafa a 1989 a birnin Avignon na Faransa, kuma a 1990 aka yi gasar duniya ta farko ta duwatalon a Cathedral City da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Tirayatalon ya shiga wasannin Olamfik a Sidni a 2000, duwatalon bai shiga ba. Amma a wurinmu shi ne ya fi dacewa, don ba ya neman wurin ninkaya. Kogin Kaduna ba wajen koyon iyo ba ne, wuraren iyo na otal kuwa sai mai hali. Ƙafa dai kowa yana da ita, keke kuma da wuya ka ratsa layi ɗaya a unguwar nan ba ka ga wanda aka jingine a zaure ba.

Nisan tseren iri-iri ne. Gajere shi ne gudun kilomita 5, keke kilomita 20, sai gudun kilomita 2.5. Na tsakiya, wanda ake ɗauka a matsayin ma'auni, gudun kilomita 10 ne, keke 40, gudu 5. Akwai dogo irin na Powerman da ake yi a garin Zofingen na Suwizalan: gudun kilomita 10, keke 150, sannan gudun kilomita 30. Na kawo wannan ne don ka san girman gidan da za ka shiga. Naka na farko gajeren ne, ba tantama. Ko da kana cikin waɗanda suka yi kilomita 10 a gudun yada-ƙanin-wani na Kaduna da aka fara a Nuwamban 2020, ka fara da gajeren, domin gudu bayan keke wani abu ne daban da gudu da sabuwar ƙafa.

Ba kuma sai ka zauna jiran a kawo maka gasa har ƙofar gida ba. In ka ji an shirya wata a wani gari kuma kana da halin zuwa, to madalla. In babu, ku haɗu mutum biyar ko shida, ku auna hanya da waya, ku sa rana, ku samu mai riƙe agogo da mai gadin kekuna. Namu na farko haka muka yi shi, kuma gumin da aka zubar bai san cewa babu lambar yabo ba.

Kafin ka ɗaura takalmi

Ka je a duba ka. Ba na faɗin wannan don cika sharaɗi. Hawan jini yana zama a jikin mutum shekaru bai sani ba, awonsa kuwa minti biyu ne a kowane asibiti ko babban kemis. Ga Asibitin Yusuf Ɗantsoho nan kusa a Tudun Wada. In ka haura shekara 40, ko kana da ciwon suga, ko asma, ko ka taɓa jin ƙirjinka ya ɗaure ko jiri ya ɗebe ka yayin aiki mai nauyi, to likita ne zai ba ka izini, ba ni ba. Ka kuma san matsayin jininka game da sikila. Mai ciwon sikila ba zai shiga wannan ba sai da shawarar likitansa. Mai AS kuwa, wato mai ɗauke da ƙwayar sikilar ba tare da ciwon ba, yana wasanni lafiya, amma zafin rana da ƙishirwa da matsa wa jiki farat ɗaya sun fi yi masa haɗari fiye da saura, don haka shi ne zai fi kowa kiyaye shan ruwa da hawa mataki-mataki.

Zazzaɓin cizon sauro ma yana cikin lissafinmu, ko da littattafan Turawa ba su sa shi ba. In jikinka ya yi zafi, babu atisaye, ko na minti goma. Ka gama maganin, ka ƙara 'yan kwanaki, sannan ka dawo da rabin abin da ka bari.

Sai zaɓen rana. A Kaduna, Maris da Afrilu zafi ne mai gasa mutum, Agusta da Satumba ruwa ne ba ƙaƙƙautawa, Disamba da Janairu kuma ƙurar hunturu ce mai shaƙe maƙogwaro. A ganina ƙarshen Nuwamba ya fi: ruwa ya ɗauke, safiya na da sanyi, hazo bai kankama ba. Ka ƙirga mako 12 baya, za ka ga farkon Satumba ne ranar farawarka. Kada ka sa tserenka na farko cikin watan azumi. In Ramadan ya faɗo tsakiyar shiri, ka rage nauyin, ka yi ɗan abin da za ka yi dab da shan ruwa ko bayan tarawihi, ka ɗaga ranar tseren gaba.

Keken da kake da shi

Abin da ya fi kashe wa mutane gwiwa shi ne hotunan da suke gani a waya: siririn keke mai kuɗin mota, mutum ya kwanta a kai kamar kibiya. Ka ajiye wannan. A Olamfik ɗin Faris na 2024, Ese Ukpeseraye, 'yar tseren keken da ta wakilci Najeriya, da keken da tawagar Jamus ta ara mata ta shiga tseren cikin fili. In har an je Olamfik da keken aro, to babu kunya ka yi naka tseren da na ƙaninka, ko da ɗan gwanjo. Abin da ake nema a keke uku ne: birki biyu masu kamawa, taya mai lafiya, da tsayin da ya dace da kai. In yana da giya, ya fi sauƙi a hawa tudu. In tsohon Rali ne ko Fonis mai giya ɗaya, zai kai ka, sai dai ka sassauta burin lokaci.

Ka kai shi wurin mai gyaran keke tun makon farko, ka tsaya a kansa. Ya duba robar birki da wayarsa, ya wanke sarƙa ya sa mata mai, ya daidaita wilin da ya karkace, ya ɗaure duk wani noti. Ka roƙe shi ya koya maka cire taya da yin faci da hannunka, ka biya shi ladan koyarwar, domin a ranar tsere ba za ka tarar da mai faci a bakin hanya yana jiranka ba. Yawan iskar da tayar ke so a rubuce yake a gefenta. Taya mai laushi tana shan ƙarfinka a banza, ita ce kuma ke saurin fashewa in ka faɗa rami.

Sai sirdi, wanda kusan kowa a unguwar nan yake barinsa ƙasa fiye da kima, don mun saba so ƙafa ta taɓa ƙasa muna zaune. Wannan shi ke kawo ciwon gwiwa, shi ke kuma cinye cinyar da za ka yi gudun ƙarshe da ita. Ga yadda ake aunawa: ka jingina da bango, ka zauna a sirdi, ka ɗora diddigenka a kan feda tana can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba, tsayin ya yi. Da ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, za ka ga gwiwar ta ɗan lanƙwashe kaɗan, haka ake so. Kwana biyu za ka ji baƙunta, daga nan ba za ka yarda ka koma ba.

Hular kwano dole ce. Babu gasar da za ta bar ka ka hau ba ita, kuma ko babu gasa, kai ɗaya gare ka. Takalmi kuwa, kambas ɗin gudu mai taushin ƙasa, wanda ya bar wa babban yatsa sararin faɗin yatsa guda. A Kasuwar Barci ana samun na gwanjo masu kyau in ka yi haƙurin tonawa. Ka lanƙwasa shi ka duba ƙasan, in ya cinye gefe ɗaya ko ya bushe ya yi tauri, ka bar shi. Da shi za ka yi gudun, da shi za ka taka fedar, ba ka bukatar takalmi biyu.

Ga 'yan'uwa mata masu sha'awa: sutura ba ta hana wannan wasa. A 2013 Shirin Gerami 'yar Iran ta shiga gasar tirayatalon ta duniya a Landan da shigar da ta rufe jikinta. Abin kiyayewa shi ne yadin ya zama marar nauyi mai fitar da gumi, kada kuma wani ɓangare ya yi reto kusa da sarƙa ko wili. Ku fita ƙungiya, da sanin gida.

A ina za a yi

Titin baifas na Nnamdi Azikiwe shi ne a bakin ƙofarmu, shi ne kuma wanda nake roƙonka ka kauce masa. Tirela da tanka ba sa ganin mai keke, iskar wucewarsu kaɗai tana iya jefa ka gefe. In dole ka tsallaka shi, a mahaɗar Kabala West ko wani wuri, ka sauka ka tura keken da hannu. Gudu dai ana yinsa cikin layukan unguwa da na Kinkinau bayan sallar asuba, kafin 'yan Keke Napep da 'yan makaranta su cika hanya. Ka riƙa fuskantar ababen hawa in kana gudu, ka bi hannunsu in kana kan keke. Don doguwar tafiyar keke, safiyar Lahadi ta fi, ka ratsa Tudun Wada ka nufi titunan cikin gari irin na Unguwar Rimi da Malali, inda kwalta ke da kyau kuma motoci ba su farka ba. Dandalin Murtala wurin masu motsa jiki ne, a can za ka haɗu da abokan tafiya. In ka samu fili mai da'irar gudu ta mita 400, zagaye 12 da rabi shi ne kilomita 5, zagaye 6 da kwata kuma kilomita 2.5. Hanyoyin bayan gari suna da daɗin tuƙi, amma kada ka bi su kai kaɗai ko da duhu, kowa ya san halin da ake ciki.

Mako 12

Kwana biyar na aiki, biyu na hutu, ya isa. Ni Juma'a da Litinin nake hutawa. Sauran kwanakin: gudu biyu, keke biyu, sai rana ɗaya da za a haɗa su daga wata na biyu.

Wata na farko na gina tushe ne. In ba ka saba gudu ba, ka yi sassarfa minti 2, tafiya minti 1, ka maimaita har minti 20 zuwa 25. Kowane mako ka tsawaita sassarfar ka rage tafiyar. Keke kuma minti 30 zuwa 40 a hanya mai sauƙi. Ma'aunin saurin da nake so ka riƙe ba ya bukatar agogo mai tsada: in kana iya yi wa abokin gudunka magana jimla guda cikakkiya ba tare da ka yanke ta don haki ba, saurin ya yi daidai. In sai kalma ɗaiɗai ke fita, ka yi yawa. Mafi yawan atisayenka a wannan saurin na hira za a yi shi. Na san yana ba mutum kunya a ce wani yaro ya wuce shi a layi, amma zuciya da huhu a wannan saurin suke ginuwa, jijiyoyi da gaɓoɓi kuma suna samun lokacin sabawa. Huhu yana saurin ƙarfi fiye da agara da ƙashin ƙwauri, shi ya sa mutum ke jin zai iya ƙarawa a mako na uku, ya ƙara, a mako na biyar ya zauna da ciwon ƙwauri. Kada abin da ka ƙara a mako ya wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na makon baya.

A wata na biyu ake shigo da atisayen haɗe, wanda shi ne zuciyar shirin duka. Ka yi keke minti 40, ka sauka, cikin minti biyu ka fara gudu na minti 8 ko 10. Iyakarsa ke nan a karon farko. Abin da ke faruwa shi ne, a kan keke ka daɗe a duƙe, ƙugu a naɗe, cinyoyi na juyi a da'ira ba tare da sun ɗauki nauyin jikinka ba. Da ka dira ƙasa sai ka ce su miƙe, su ɗauki nauyi, su canja salon aiki nan take. Jiki yana koyon wannan sauyi, amma sai an maimaita masa. Karo na farko yashin nan zai bi ka mita 500 ko fiye. A karo na biyar ko na shida za ka ji ya sake ka tun kafin ka kai kwanar layi. Kowane mako ka ƙara minti biyu ko uku a gudun, har ya kai minti 20.

Dabaru biyu ke rage nauyin. Na farko, kada ka riƙa tuƙi da giya mai tauri kana danna feda kamar mai daka. Ka zaɓi mai sauƙi ƙafar ta riƙa juyawa da sauri, wajen juyi 80 zuwa 90 a minti. Ka ƙirga sau nawa gwiwarka ta dama ke tasowa cikin daƙiƙa 15, in ka samu 20 zuwa 22 kana kan hanya. Na biyu, in ka fara gudun, ka yi gajeren taku mai sauri, kada ka buɗe ƙafa. Dogon taku zai dawo da kansa.

A wannan watan ne kuma za ka sa ɗan yaji sau ɗaya a mako: cikin gudunka, ka ƙara sauri na minti 2, ka sassauta na minti 2, sau biyar. A keke, ka nemi wani tudu ka hau shi sau huɗu ko biyar kana zaune a sirdi.

Wata na uku, a mako na 9 ko na 10, ka gwada tseren gaba ɗaya amma a taƙaice: gudu kilomita 3, keke 15, gudu 2. Mako na 11 ka fara ragewa. Mako na 12 rabin abin da ka saba kawai za ka yi, kwana biyu na ƙarshe kuma kusan hutu ne. Ƙarfin da ba ka tara a mako goma ba, ba za ka tara shi a kwana biyar ba, sai dai ka tara gajiya.

Burin da za ka sa wa kanka

A nan ne na fi ganin mutane suna cutar kansu. Mutum zai ji cewa zakarun duniya na gama gajeren duwatalon cikin ƙasa da awa ɗaya, sai ya ce to shi zai yi awa ɗaya da kwata, ba tare da ya taɓa auna kansa ba. Buri ba daga waya ake ɗauko shi ba, daga littafinka ake ciro shi. Ka sayi ƙaramin littafi na 'yan makaranta, kullum ka rubuta abin da ka yi, minti nawa, da yadda jiki ya ji.

A mako na 8, ka yi awo biyu a ranaku daban. Ka gudu kilomita 5 iyakar ƙoƙarinka, ka rubuta. Bayan kwana biyu ko uku ka tuƙa kilomita 20, ka rubuta. A ce gudun ya ɗauke ka minti 32, keken minti 58. To a ranar tsere ba za ka yi gudun farko a 32 ba, don akwai aiki a gabanka. Ka ƙara daƙiƙa 20 zuwa 30 a kowace kilomita, ya zama minti 34 ko 35. Keken da ka yi da sabuwar ƙafa a 58, bayan gudu ka ba shi 62. Gudun ƙarshe na kilomita 2.5, ka ba shi minti 18 ko 19. Sauyi biyu, minti 4 zuwa 5. In ka tara za ka ga wajen awa biyu. Wannan shi ne lokacinka na gaskiya, kuma babu abin raini a cikinsa.

Amma ni ba lokacin nake sa wa gaba ba a tseren farko. Burin da ke ƙasa, wanda komai ke kansa, shi ne ka gama da ƙafarka, lafiya, ka koma gida ka yi sallar azahar a tsaye. Na samansa, wanda nake ganin shi ne ainihin jarrabawar, shi ne ka yi gudun ƙarshe duka ba tare da ka koma tafiya ba. Lokaci shi ne na uku, in Allah ya ba da rana mai kyau, taya ba ta yi faci ba, iska ba ta tare ka ba. Amfanin jera su haka shi ne, in ɗaya ya kuɓuce maka a tsakiyar hanya, akwai wanda za ka riƙe. Na ga wanda sarƙarsa ta zame a kilomita ta shida, ya ga lokacin da ya ɗaukar wa kansa ya tafi, sai ya tura keken gefe ya zauna, alhali gyaran minti biyu ne. Da yana da buri na biyu a aljihu, da ya mayar da sarƙar ya ci gaba.

Kada kuma ka auna kanka da abokin atisayenka. Wani shekararsa 22, wani 45. Wani tun yana firamare yake zuwa makaranta a keke, wani sai bana ya koma kai.

Wurin sauyi

Tsakanin gudu da keke akwai fili da ake ajiye kekuna, kuma mintocin da ka ɓata a can suna cikin lissafi. Dokokinsa kaɗan ne amma ba a sassauta su. Sai ka sa hular kwano ka ɗaure igiyarta kafin ka taɓa keken. Ba a hawa a cikin filin, tura shi za ka yi har ka wuce layin hawa. In ka dawo, ka sauka kafin layin sauka, ka tura shi wurinsa ka ajiye, sannan ka kwance hular. Ba a tsere ba riga, ba a sa abin jin kiɗa a kunne. A gasanni da yawa na masu koyo an hana ka laɓe a bayan wani mai keke yana tare maka iska, sai ka bar tazarar kimanin mita 10 in ba wuce shi za ka yi ba. Ka karanta dokar gasar da za ka shiga, ko ku amince da taku tun kafin ranar.

Ka yi atisayen wannan a tsakar gida. Ka jingina keken, ka kifa hular a kan hannunsa igiya a buɗe, gorar ruwa a maƙale. Ka rugo daga zaure, hula, ɗauri, keke, tura. Ka maimaita sau goma har hannu ya haddace, domin a ranar, da haki da hayaniya, kai ba ya tuna komai. Ka kuma lura da wata alama kusa da inda ka ajiye naka, bishiya ko turken wuta, don kekuna in sun taru kama suke yi.

Ci da sha

Daren tsere ka ci abin da cikinka ya sani: shinkafa, taliya ko tuwo, ba yaji mai yawa, ba mai da yawa. Da safe, awa biyu kafin farawa, koko ko kunu da ɗan burodi, ko ayaba biyu. Ƙosai da wake ka bar su sai an gama. A kan keke ne ake sha, don a nan ciki ya fi karɓa: kurɓi biyu ko uku duk bayan minti goma zuwa sha biyar. Gora ɗaya mai cin leda ɗaya da rabi ta fiya wata tana isar yawancin mutane a safiya mai sanyi. In kana da yawan gumi, ka haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda aka sani: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dabino uku a aljihu sun isa, ka ci a tsakiyar zangon keke. Duk wannan ka gwada shi tun a atisayen haɗe. Ba a fafe gora ranar tafiya: sabon takalmi, sabon abin sha, sabon tsayin sirdi, babu ɗayansu da zai fara aiki a ranar tsere.

Wata magana da ba zan tsallake ba. Za a samu mai ce maka ka haɗiyi ƙwaya don kada ka ji gajiya, Tramadol ko wani haɗi na kemis. Kada ka yarda. Ciwo saƙo ne da jiki ke aiko maka, wanda ya toshe shi bai san lokacin da ya wuce iyaka ba. Ko magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, shan su kafin dogon motsa jiki cikin zafi yana wahalar da ƙoda. In kuma kana tsakiyar tsere ka ji jiri, ko sanyi na kama ka cikin rana, ko kanka ya rikice, ko ƙirji ya ɗaure, ka tsaya nan take, ka nemi inuwa, a zuba maka ruwa a jiki, a kai ka asibiti in bai lafa ba.

Ranar

Ka isa da wuri, awa guda kafin lokaci. Ka matsa tayoyi da yatsa, ka ja birki biyu, ka sa keken a giya mai sauƙi don tashi. Ka yi sassarfa ta minti goma jiki ya ɗumama.

Da an busa usur kowa zai fita kamar an koro shi. Ka bar su. Wannan shi ne abu mafi wuya a ranar, ya fi tudu wuya, domin ƙafa sabuwa ce, jini na tafasa, ga 'yan kallo. Ka dubi agogonka a ƙarshen kilomita ta farko, in ka riga lissafin littafinka, ka rage. Ya kamata ka shigo wurin sauyi kana jin cewa da an ce ka ƙara kilomita biyu za ka iya. Minti biyar na farko a kan keke ka bar numfashi ya kwanta, ka sha ruwa, sannan ka kama aikinka. In saura kilomita ɗaya ka sauka, ka mayar da giya mai sauƙi, ƙafa ta yi ta juyawa, ka ɗan miƙe a kan feda ka saki bayanka da ƙwaurinka.

Sai ka ajiye keken, ka kwance hular, ka fita. Yashin zai zo, amma ka riga ka san shi, kun haɗu sau shida ko bakwai a Kinkinau. Gajeren taku, kafaɗa a sake, ido a kan turken wuta na gaba, in ka kai shi ka zaɓi na gabansa. Wajen rabin kilomita ƙafar za ta dawo. A nan ne za ka fara cim ma wasu daga cikin waɗanda suka bar ka a farko, suna tafiya hannu a ƙugu. Ka yi musu sannu, ka ce su taso ku ƙarasa tare, wani zai biyo ka. In ka ga saura mita 400, duk abin da ya rage a jikinka ka fito da shi.

Bayan ka tsallake layi kada ka zube ƙasa nan take. Ka yi ta takawa minti biyar, ka sha ruwa, ka samu fura ko abinci mai nauyi cikin awa guda. Kafin ka kwanta a daren, ka buɗe littafin nan ka rubuta lokuta biyar: gudun farko, sauyin farko, keke, sauyi na biyu, gudun ƙarshe, da inda ka ji wuya ta fi tsanani. Ka ba jikinka mako guda, tafiya kawai da ɗan zagaye a keke, sannan ka kai keken wurin mai gyara ya wanke sarƙar.